Yadda Za Ka Zama Malamin Lantarki Alhali Ba Ka Bambance Ja Da Kore

Kai da wannan takarda ta faɗo hannunka, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Ina ba ka tabbacin cewa in ka bi matakan nan tara, ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, kafin zango biyu na karatu su ƙare gari zai ɗauke ka gwanin lantarki. Tsofaffi za su riƙa aiko maka da tocilan ɗinsu da ta mutu, kuma ba mai gano cewa ba ka taɓa haɗa waya biyu sun yi abin kirki ba.

Ba a littafi na karanto ba. Da idona na ga an gwada, a Kafanchan, a shekarar 1977, a wata sakandare da ba zan faɗi sunanta ba don har yau ina cin tuwo a gidajen mutanenta. Wanda ya gwada, Malam Rufus Kambai, teburinsa na manne da nawa a ɗakin malamai. Mutumin kirki ne, dogo, mai yawan gyaran murya. Duk inda ya yi daidai zan nuna maka, inda ya kauce ma ba zan rufa masa ba.

Mataki na 1: Ka tabbata kai ne ka ɗauko akwatin

Ilimi yana bin wanda aka fara gani da kayan aiki a ka.

Wata ikilisiya a ƙasar Turai ta aiko wa makarantar kyautar akwatin koyon lantarki, irin wanda ake yi wa yara: allo mai ramuka, wayoyi, batura, ƙananan ƙwayayen fitila, lasifika ɗaya kamar murfin gwangwani, da littafi mai nuna yadda za ka haɗa abu ɗari, tun daga ƙararrawa har rediyo. Jirgin Ikko ya sauke shi a tasha ranar Talata. Malam Rufus, da ke koyar da labarin ƙasa, shi kaɗai ba shi da aji a wannan awa, kuma yana da keke. Ya ɗauro akwatin a baya, ya ratsa kasuwa yana kaɗa ƙararrawa. Kafin ya iso ƙofar makaranta, masu sayar da citta sun fara ce masa Injiniya.

Firinsifal, Mista Simon, ya dubi akwatin, ya dubi gumin da ke fuskar Rufus.

"Mista Rufus, tunda ka san kan abin nan, kai ne za ka riƙe shi. Malamin kimiyya ya tafi kos, gidansa yana nan babu kowa. Ka shiga da iyali."

Gida ne mai ɗaki uku da rufin kwano da famfo a tsakar gida. Rufus da matarsa Magdalene da 'yarsu Hellen sun shekara tara a ɗaki ɗaya na haya. In kai ne, za ka ce ba ka san kan abin ba? Shi ma bai ce ba.

Mataki na 2: Ka kafa doka tun kafin a tambaye ka komai

Ranar farko ka tara ɗalibai, ka ɗora akwatin a tebur, ka ja da baya taki biyu kamar zai tashi. Ka shaida musu cewa wutar da ke ciki tana iya kayar da bijimi. Kada ka damu da cewa batura shida ne irin na tocila, ba mai ƙirgawa.

Malam Rufus ya yi wannan da kyau ƙwarai, har ya wuce gona da iri. Mista Simon ya ji tsoro, ya sa aka buga a allon sanarwa da jan alli cewa duk ɗalibin da ya taɓa kayan akwatin, ko da ɗan yatsa, korarre ne. Daga ranar yara suka riƙa kewaye teburin kamar an ajiye kumurci a kai. Ka riƙe wannan doka a ranka, za mu dawo kanta.

Mataki na 3: Ka yi abin burgewa guda ɗaya

A cikin akwatin akwai ƙananan ambulan sun fi talatin, kowanne da lamba a bayansa. A ciki akwai wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa mai ƙafa biyu na waya. Sunansu resista, aikinsu rage ƙarfin wuta kafin ta isa inda za ta yi ɓarna. Wani yana ragewa kaɗan, wani yana ragewa sosai, amma a ido duk girmansu ɗaya.

Malam Rufus ya so yara su ga yawan dukiyar da aka damƙa masa. Ya yage ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya juye su duka a farantin tangaran, ya girgiza suka yi ƙara, aji ya ce "Kai!" Mai shara ya kwashe takardun ya kai bola, ya cinna musu wuta kamar yadda ya saba.

Sai da yamma Rufus ya buɗe littafin ya ga shafi na huɗu. Ashe ba a rubuta lamba a jikin resista. Zobba ake zana masa masu launi, ja, kore, ruwan ƙasa, ruwan goro, da sauransu, kuma launin nan ne kaɗai ke faɗa maka wane ne wane. Ya daɗe zaune da farantin a cinya, har Magdalene ta leƙo ta tambaye shi ko cikinsa ne.

Mataki na 4: Ka zama kana da sirri, kuma ka riƙe shi da haƙori

A nan dole in faɗa maka abin da Rufus ya ɓoye shekara goma sha biyu. A Kafanchan ta wancan lokaci, saurayin da ke son a ɗauke shi da daraja Reluwe yake nema. Rufus ya nema a 1965, yana cikin neman auren Magdalene a Madakiya, ya kuma cika wa babanta baki cewa direban jirgi zai zama. Ya ci lissafi, ya ci Turanci. Sai aka shigar da shi wani ɗaki, likita ya ɗaga fitila.

"Wane launi?"

"Kore."

"Wannan fa?"

"Kore ne shi ma, sai dai ya ɗan fi duhu."

Likitan ya ajiye fitilar a hankali, ya ce masa ya je ya nemi aikin da ba a ɗaukar rayukan mutane a baya. A ranar Rufus ya san cewa ja da kore da ruwan ƙasa, waɗanda duniya ke rantsuwa sun bambanta, shi a idonsa 'yan uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya koma Madakiya ya ce ya yi addu'a, Ubangiji ya nuna masa cewa koyarwa ce kiransa. Fasto har ya kawo shi misali a wa'azi. Magdalene ta aure shi a haka, shi kuwa kullum yana jin cewa da ƙarya ya same ta, kuma ranar da ta gane, ba zai iya haɗa ido da ita ba. Ka ga ke nan ba ya da wanda zai ce wa "duba mini launin nan." Ɗalibai ya hana su da bakinsa. Malam Abdu mai gyaran rediyo a kasuwa zai raba farantin cikin minti goma, amma abin da aka faɗa a shagon Abdu da hantsi, kafin azahar ya isa Kagoro.

Mataki na 5: Ka koyar da baki, hannu a aljihu

Wannan shi ne zuciyar sana'ar, kuma a nan Rufus ya fi ni, ba na jin kunyar faɗa.

Littafin ya kasu gida biyu, analog da dijital. Kada kalmomin su firgita ka. Rufus ya zo aji da fitilar ƙwai da tocila. Ya murɗa lagwani a hankali, wuta ta yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

"Wannan shi ne analog. Akwai kaɗan, akwai ɗan ƙari, akwai da yawa. Kamar fushin mamanku, yana hawa ne a hankali."

Ya ɗauki tocila, ƙyas ta kama, ƙyas ta mutu.

"Wannan dijital. Ko akwai, ko babu. Kamar fushin babanku."

Da aka zo kan abin da littafin ke kira ƙofofi, ya kai su majami'a da baki. Akwatin baiko, inda masu ibada ke zuba kuɗi, yana da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin Fasto, ɗaya wurin ma'aji, ba ya buɗuwa sai wannan da wancan sun zo tare: ƙofar "da" ke nan. Ɗakin ajiye ganguna kuwa kwaɗo ɗaya ne da makulli biyu, shugaban mawaƙa ko mai shara, duk wanda ya zo zai buɗe: ƙofar "ko". Yaran sun gane sarai, har yau wasunsu suna cin abinci da wannan darasi. Zango guda cur ya yi haka, akwatin yana kulle a kabad.

In wata ɗaliba mai kaifin baki ta ce, "Sa, yaushe za mu ga shi yana aiki?", ka dube ta da tausayi ka ce wanda bai ƙoshi da tiyori ba, firatikal yana kashe shi.

Mataki na 6: In hayaƙi ya tashi, ka ce darasi ne

Baki yana da iyaka. Wata Litinin Mista Simon ya kira Rufus ofis.

"Ranar raba kyaututtuka saura sati uku. Sufeto zai zo daga Kaduna, iyaye za su zo. Na riga na rubuta a takardar gayyata cewa akwatin zai yi magana. In ya yi, na tabbatar da kai malamin kimiyya, gida ya zama naka. In bai yi ba, akwai wata makaranta a Kauru da suke kuka ba su da mai labarin ƙasa. Ka ji ba?"

Ya ji. Ya kuma ga Mista Luke, malamin lissafi mai 'ya'ya shida, yana zagaya gidan nan da yamma yana auna tagogi da ido.

Rediyon da ke shafi na sittin yana bukatar resista bakwai da turansista ɗaya, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku wanda shi ke ƙara wa murya ƙarfi. Uku kacal aka aiko da su. Rufus ya kulle kansa a ɗakin gwaji, ya zaɓi resista bakwai da addu'a da kintace, ya haɗa batir. Turansista ya yi zafi, ya yi wani ɗan tsaki, ya saki wari kamar an ƙona gashin akuya. Saura biyu.

Sati na biyu ya sake gwadawa, wannan karon a gaban 'yan aji huɗu don ya ƙarfafa zuciyarsa. Siririn hayaƙi ya miƙe sama. Rufus bai ko ƙifta ido ba.

"Kun gani? Abin da zai faru ke nan in kun yi garaje. Ku rubuta."

Suka rubuta. Saura ɗaya.

Mataki na 7: Ka kai matsalar gida, amma ka ce aikin ofis ne

Ranar Juma'a, jajiberin taro, an tashi makaranta da wuri don yara su share fili. Rufus ya naɗe farantin a jarida, ya haɗa da littafin da allon mai ramuka ya kai gida. Ya zauna a gindin mangwaro inda haske ya fi yawa, ya ɗaga resista ɗaya sama, ya karkata shi hagu, ya karkata shi dama, ya rufe ido ɗaya. Zobba uku suna kallonsa, dukansu kalar ƙasar gona.

Magdalene tana baranda a kan keken ɗinkinta, tana haɗa ankon Zumuntar Mata ta majami'a. Tela ce, mace gajera mai ƙarancin magana, wadda in ta ce zare bai dace da yadi ba, to bai dace ba. Hellen tana makarantar kwana. Rufus ya ji ƙarar keken, ya dubi famfon da matarsa ta daina zuwa rafi saboda shi, ya dubi kabewar da ta shuka a jikin katanga, zuciyarsa ta karye. Gobe war haka zai tsaya gaban gari ya ƙona na ƙarshe, jibi su fara ɗaure kaya. Kalma huɗu, "duba mini launin nan", za su cece shi, ga mai idon tana zaune taki goma daga inda yake. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa zai je ya duba ko an jera kujeru.

Ka yi koyi da shi a nan. Namiji na gaske gara ya kai iyalinsa Kauru a bayan akori-kura da ya ce bai iya ba.

Mataki na 8: Kada ka bar farantin a inda mace za ta gani

Ga kuskuren da ya rusa komai, kuma ina gargaɗinka da babbar murya.

Da ya dawo wajen la'asar, farantin yana nan a kan kujera, wanke tas, babu ko ƙwaya. Ya leƙa ƙarƙashin kujerar, babu komai. Ya shiga ɗaki, sai ya ga wani farin ƙyalle shimfiɗe a kan tebur, an soke resistocin a jikinsa layi-layi kamar yadda tela ke jera allurai. Ƙarƙashin kowane layi an rubuta lamba da fensir. Littafin yana buɗe a shafi na huɗu, an danne shi da almakashi. A gefe guda an ware guda bakwai, an jera su bi da bi yadda shafi na sittin ya nema.

Magdalene ta shigo tana goge hannu.

"Baban Hellen, abin ba wuya. Kowane kala da lambansa, kamar zare ne. Wanda ka sa makon jiya, ga shi nan ka bar shi a allon, zoben ƙarshe ruwan ƙasa ne, littafi ya ce ruwan goro. Shi ya sa ya ƙone."

Rufus ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi kafin ya yi wa aji ƙarya.

"Ai hasken ɗakin gwajin ne ba shi da kyau."

"Zauna," in ji ta.

Ya zauna.

"Ranar da ka fara zuwa gaishe ni a Madakiya, me ka ce mini?"

"Na ce koren zaninki ya yi miki kyau."

"Zanin ja ne, Baban Hellen. Ja wur. Mamana ta shiga ɗaki ta yi dariya har ta yi tari."

Ya rasa inda zai sa idonsa.

"To lokacin da na ce zan shiga Reluwe fa?"

"Na san ba za su ɗauke ka ba. Kawuna mai ba jirgi hannu ne a tasha, na san gwajin fitila. Baba shi yana son direban jirgi. Ni kuma ina son wanda zai kwana a gida."

"Shekara goma sha biyu, Maman Hellen. Me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni? Kai kana tsammani safanka suna haɗa kansu biyu-biyu a akwati? Wa yake cire maka ɗanyen tumatir daga kwando in ka je cefane? Na ga kana riƙe abin kamar ƙwai, na ce bari in bar maka kayanka. Amma famfona kam, ba zan bar wa matar Luke ba."

Rufus ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya sa hannu ya rufe fuska. Kunyar da ya yi shekaru yana tsoro ta zo, sai ya tarar ba ta kai nauyin ɓoyon ba. Shi da kansa ya ba ni wannan labari, kuma da ya zo nan sai da ya tsaya ya share ido.

Mataki na 9: Ranar taro, ka karɓi yabo kai kaɗai

Asabar fili ya cika. Sufeto yana tsakiya da tabarau, iyaye sun yi layi a benci, 'yan Zumuntar Mata sun zauna gaba cikin sabon anko. Rufus ya soka resista bakwai yadda aka jera masa, ya sa turansista na ƙarshe, ya rataye wayar eriya a reshen dalbejiya, ya haɗa batir. Shiru. Mista Luke ya gyara zama. Rufus ya murɗa a hankali, lasifikar ta yi shuuu, ta yi ƙyar-ƙyar, sai ga muryar wani mutum daga Kaduna yana karanta gaisuwar masu sauraro. Wata tsohuwa ta miƙe ta amsa gaisuwar. Fili ya kaure da tafi da guɗa.

A nan ne ya kamata ka sunkuyar da kai cikin tawali'u, ka ce aikin shekaru ne. Amma sufeto ya taso, ya ɗauki resista ɗaya daga ƙyallen, ya miƙa.

"Madalla, Malam. Karanta wa iyaye wannan, su ga yadda ake yi."

Ina tsaye kusa, ina kallon Rufus. Yana da hanyoyin tsira aƙalla uku, duk na koya maka su: ya ce rana ta kashe masa ido, ya ce lokaci ya ƙure, ko ya yi tari. Bai ɗauki ko ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, ni ba na ganin ja da kore. Tun haihuwa. Lissafin nawa ne, idon na matata ne. Maman Hellen, zo ki karanta masa."

Ta taso ba gaggawa, ta riƙe abin nesa kaɗan kamar mai duba bakin zare.

"Ja, ja, ruwan goro. Dubu ashirin da biyu."

Sufeto ya duba littafi, ya cire tabarau ya sake dubawa, ya ce haka ne. 'Yan Zumunta suka ɗauki guɗa har sai da Mista Simon ya kaɗa ƙararrawa. Ranar Litinin aka goge dokar nan daga allon sanarwa, yara suka fara zaɓo resista da hannunsu suna faɗa wa malaminsu launi, shi yana faɗa musu abin da za su yi da shi. Gidan ya tabbata nasu. Kabewar ma ta yi 'ya'ya, Magdalene ta aika wa matar Luke guda biyu.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk turansistan da ya ƙone, ko gashin gira da ya babbake, ko tiransifa zuwa Kauru ko wani wuri mai nisanta. Tabbacin da na bayar a farko yana aiki ne kawai ga wanda ya bi matakan tara cif, kuma ka ga ko Malam Rufus bai bi ba: ya faɗi a na takwas, ya yi watsi da na tara a gaban jama'a, saboda haka nasararsa ba ta cikin lissafina. In ka gwada abin ya watse, kada ka zo gidana, ban san ka ba. In kuma akwai wani sirri da kake tsammanin ka shekara goma kana ɓoye wa matarka, kafin ka yi barci da murna, je ka buɗe akwati ka duba wa yake haɗa maka safa.